Duman Kadan da Na Dasa

Har yau in na ji wani ya kira duman kada ciyawa sai raina ya ɓaci, ko da kuwa jikana ne. Na san abin dariya ne tsohuwa ta tsaya tana kare abin da ko akuya mai hankali ba ta ci. To, a yi dariyar. An yi mini ita tun ina da haƙorana cif, ban kuwa fasa ba.

Garinmu yana gabas da Gure, a kan tudun rairayi. Da damina gero muke shukawa a tudu, da rani kuwa sai a gangara kwari, inda ruwa yake kusa, in ka haƙa tsayin mutum ka same shi. Goruba ce ta kewaye bakin kwarin, dabino yana daga ciki, a ƙarƙashin inuwarsu kowane gida da garkarsa ta albasa da barkono da alkama. Tsakiyar kwarin fari ne fat da kanwa, ba abin da ke tsirowa. Saboda haka kowace garka tana tsakanin abokan gaba biyu: rairayi yana gangarowa daga sama, kanwa tana tasowa daga ƙasa. Garkar maigidana ita ce ta ƙarshe, a gindin tudun, inda iska ke fara sauke kayanta.

Shekarar da ta biyo bayan farar nan da ta cinye mana gero, dogaran kumandan, Baturen mulki, suka zo ɗaukar samari aikin soji. Bulama, wato mai garinmu, ya nuna waɗanda za su tafi, maigidana yana cikinsu. Ba a ce mana ga inda za a kai su ba, ba a ce ga ranar dawowa ba. Ya bar ni da ɗiya a goye, da uwarsa da muke kira Inna, da garka, da jigon da shi kansa sai ya yi nishi yake ɗaga gugansa.

Akwai al'ada a kwarinmu wadda kowa ya sani. Garkar da aka bari ciyawa ta rufe ta, ta zama saura, bulama yana da ikon ba da ita ga wanda zai iya aikinta, dangi ake fara dubawa. Ba mugunta ba ce, ƙasa mai ruwa ce ba ta da yawa. Don haka mutanenmu suna share garka kamar tsakar ɗaki. Mutumin kirki shi ne wanda in ka leƙa garkarsa ba ka ganin ko tsinke tsakanin fangali da fangali, sai ƙasa tsirara.

Na yi ƙoƙarin zama mutumin kirki. Ranin farko na nome ko'ina, na share, na kama jigo tun hantsi bai fito ba. Abin da ƙarfina ya kai shi ne 'yan fangalan da ke kusa da rijiya. Sauran filin, wanda ya fi yawa, ya zauna a share babu ruwa babu shuka. Kafin rani ya raba, gefen sama rairayi ya shigo ya binne gindin ƙananan dabinai, gefen ƙasa kuwa ya fara fari kamar an barbaɗa gari. Ina sharewa ina taya su cin garkar, ana kuwa yaba mini wai ɗiyar nan akwai tsabtar aiki. Na tsaya wata rana ina kallon filin, haushi ya cika ni, na yi jifa da hauya har ta faɗa rijiya, sai da na nemi ƙugiya.

A bakin tafkin da muke wanki na ga abin. Duman kada ya yaɗu a can tun kafin a haife ni, kullum muna taka shi, ba wanda ya taɓa kallonsa sau biyu. Ranar ina zaune ina jiran tufafi su bushe, sai na lura rairayin da ke gangarowa ya zo bakin yaɗon ya tsaya, ya taru kamar an yi masa katanga. Na cusa hannu ƙarƙashin ganyen, na ji ƙasa da sanyi da laima, baƙa, babu ɗigon kanwa. Taku kaɗan daga nan, inda babu shi, ƙasar ta bushe ta tsage. Na cika ƙwaryar wankin da yaɗo, na ɗaure tufafin a ka.

Ban iya shi nan da nan ba. Wanda na fara dasawa a tsakar rana ya ƙone kafin ya kama. Wanda na kai can cikin duhun goruba ya rayu, amma ya yi ta miƙa wuya siriri, ya ƙi fure. Inda ya so shi ne ƙarƙashin dabino, wurin da rana ke taɓawa da safe inuwa ta rufe da azahar. Na kuma gane a gaɓa yake yin saiwa, in iska tana kaɗa yaɗon ba ya samun zama ya kama ƙasa. Sai na riƙa karya tsinken kaba ina lanƙwasawa, ina danne kowace gaɓa da shi, kamar yadda ake danne bakin tabarma. Na ja 'yar magudanar ruwa daga rijiya, abin da ya rage bayan albasa ta sha in sakar masa. Ba ya cin ruwa da yawa, in ya kama ma shi yake neman abinsa.

Damina ɗaya ta ishe shi. Ya rufe filin nan kaf, kore shar, ganye kan ganye, ya haura gindin tudun ya riƙe shi. Aikina ya koma yi masa aski da wuƙa don kada ya shiga albasa, don shi ma in ka sake masa fuska har ɗaki zai bi ka. Da safe kuwa furanni ne birjik, ja mai shuɗi-shuɗi, kowanne da bakinsa a buɗe kamar ƙaramin mazurari. Kafin azahar sun yi yaushi, gobe wasu sun fito. Ɗiyata a cikinsu ta koyi tafiya. Zan faɗa ba kunya: ban dasa shi don kyau ba, amma da ya yi furen na so shi, tun tafiyar maigidana ban ga abin da ya sanyaya mini rai kamarsa ba.

Mutanen kwari kuwa suka samu abin hira. Mata in za su wuce sai su ɗaga murya, su ce a gaida mai noman kada, yaushe za a yi girbi a kawo musu ɗanɗano. Ina ce musu su kawo ƙwarya babba. Inna ta gangaro da sandarta wata safiya, ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyar nan, mi kike yi haka? Gari duk ya ɗauka kin kasa."

"Inna, riƙe ƙasar nike yi."

"Da haki? Ki nome abin nan tun kahin wan mijinki shi buɗe baki."

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, garkarsa tana manne da tamu. Ba zan ce mugu ba ne. Yana da bakuna da yawa a gida, fara ta bar shi da rumbu wayam, ga samari masu ƙarfin jan jigo, ga fili a gefensa da yake ganin yana zaman banza. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta matar ƙane. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in mun haɗu a hanya nakan ratse in durƙusa. Ya san ba zan iya yi masa musu ba, a kan haka ya dogara.

Abin da ya ba shi ƙofa akuya ce. Wata akuyarsa mai kwaɗayi ta kutsa ta ɓarakar shinge ta ci ganyen, ta wuni tana rawar jiki tana tangaɗi. Ba ta mutu ba, kwana biyu ta warware ta koma ɓarnarta, ni kuma na toshe ɓarakar da ƙaya. Amma Yaya ya je wurin bulama ya ce garkar ƙanensa ta zama saura, ciyawa mai dafi ta rufe ta, a ba shi filin ya gyara kafin ya lalace.

Bulama ya gangaro kwari da dattawa bayan la'asar. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin wani dogon dabino da ke kan iyakarmu da Yaya. A al'ada mace ba ta magana a irin wannan zama, sai ta samu namiji ya faɗa mata. Ni ba ni da kowa a garin, dangina suna can wajen Kelle. Na durƙusa nesa kaɗan da ɗiyata a cinya, ina jin ana yanka mini ƙasa da Barebarci, harshen garin, a hankali, kamar ba na wurin. Da na ji bulama ya ce to ai abin a fili yake, sai na ji muryata ta fita da Hausar kasuwa.

"Ranka shi daɗe, ba saura ba ce. Shuka ce. Ni na dasa."

Yaya ya kau da kai kamar an watsa masa ruwa, don tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa jin muryata sama da gaisuwa ba. Bulama ya dube ni, shi ma ya juya harshe.

"Ke kika dasa duman kada?"

"Ni na ɗauko daga tabki, ni na dasa, ni nike ba shi ruwa. Ga magudanar nan a gabanku. Wa ya taɓa jan jigo don ciyawa?"

Wani dattijo mai gemu ya ce, "Shuka ita ce abin da ake ci, ɗiyata. Abin da ba a ci, ko da zinariya kika ba shi ruwa, haki ne."

Na ji jama'a sun yi na'am da wannan magana, na ji garkar tana zamewa daga hannuna. Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan dabinon da suke zaune a inuwarsa. Namiji ne. Duk kwarin an san shi, daga jikinsa ake yanko fure a ɗaura wa matan dabino su yi 'ya'ya, shi kuwa tun da aka dasa shi bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba.

"Baba, wannan da kuke zaune ƙarƙashinsa hwa? Wa ya taɓa cin ɗansa? In haki ne a kawo gatari."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari. Bulama ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rawani, na ga kafaɗarsa tana motsi. Yaya kuwa ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Ƙaƙa za a bar mace tana gaya wa dattawa magana? Ƙanena da yana nan, da hannunsa zai nome ƙazantar nan!"

Bulama mutum ne da ba ya son ya ɓata da kowa, sai ya kama wannan maganar ya rataya a kanta. Ya ce garka tana da mai ita, ba a kuwa ji labarin mutuwarsa ba. A bar ta a hannuna har ya dawo. In ya dawo ya ce shuka ce, magana ta ƙare. In ya kira ta ciyawa da bakinsa, to an bar ƙasa saura ke nan tsawon shekarun nan, filin da yaɗon ya rufe ya koma ga wansa. Yaya ya ce ai wannan ba shari'a ba ce, mace ce za ta kwana tana hura wa mijinta kunne. Nan zuciya ta ɗebe ni.

"Ba ni gaya masa komi. Ku shaida. In bai gane hannuna ba, ku ɗauka."

A hanyar gida Inna ta yi ta faɗa, ta ce bakina ne zai raba jikarta da gado. Ko a lokacin na san na ɗora garka a kan abin da ba ni da iko da shi, amma da a ce na ci ƙasa da raɗa a kunnen miji gara a ƙwace ta ido na gani. Har gobe haka nake.

Aka ci gaba da zama. Yaya ya daina amsa gaisuwata, ni kuwa ban daina durƙusa masa ba, don ya ji haushi da kyau. Garkar wani saurayi da aka ɗauka tare da maigidana, wadda danginsa suka yi ta sharewa tsakani da Allah, rairayi ya cinye rabinta har kan shingen ya ɓace. Ba wanda ya ce komai a kai. Tawa tana nan kore, ina yi mata aski, ina cike gurbin da ya mutu, ina ƙara tsinken kaba inda sabon yaɗo ya miƙa. In na ce ban ji tsoro ba na yi ƙarya. Na san mijina, ɗan kwarin nan ne, a hannun uban da ya koya wa Yaya share ƙasa shi ma ya koya.

Ya dawo wata yamma bayan girbi, a ƙasa, da wata tsohuwar rigar soji da tari a ƙirji. Ya rame har sai da ɗiyarsa ta ɓuya a bayana. Gida ya cika da masu barka, Yaya yana zaune a gefensa bai matsa ba har aka watse, yana satar kallona. Na kawo ruwa, na kawo tuwo, na ce sannu da hanya. Maganar garka tana bakina kamar garwashi, na haɗiye ta.

Da gari ya waye na fito ban gan shi ba, ban kuma ga hauya a inda nake jingine ta ba. Ban tsaya ɗaura kallabi ba. Na gangara tudun nan da gudu, rairayi yana cika mini zane.

Tun daga nesa na ga abin da nake tsoro. Ya nome wani babban yanki daga bakin rijiya, yaɗon yana kwance a tattare gefe guda, furannin da suka buɗe da asuba suna ciki a murƙushe. Yana aiki yana tari, yana tsayawa yana dafa ƙugu. Na san abin da ke ransa: ya ga matarsa ta sha wahala ita kaɗai, abu ya fi ƙarfinta, ya zo ya rage mata tun kafin ta tashi. Ban taɓa jin son mutum da haushinsa sun haɗu mini wuri ɗaya kamar safiyar nan ba. Yaya yana jingine da shinge, ya riga ya kira dattawa biyu daga garkokinsu, har da mai gemun nan.

Na tsaya a bakin shinge na kama bakina da hannu. Na yi alkawari a gaban mutane.

Yaya ya yi gyaran murya, ya ce da fara'a, "Sannu da aiki, soji. Mi kake nomewa haka da sassahe?"

Maigidana ya sake kai sara. Hauyar ta sarƙe a wani yaɗo, ya sunkuya ya fizge shi da hannu. Yaɗon ya taso da ƙasa baƙa mai laima, da wani abu a maƙale a gaɓarsa. Ya cire ya duba: tsinken kaba ne a lanƙwashe. Ya bi yaɗon da yatsa, ya samu wani a gaɓa ta gaba, da wani a ta gaba da ita. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar da ya tone, ya murza, ya kai hanci. Ya dubi magudanar da ta bi ta ƙarƙashin ganye, ya dubi gindin tudu inda rairayi ya taru ya tsaya, ya dubi garkar abokin tafiyarsa da ta nutse. Sannan ya juyo ya dube ni, ni da kaina babu kallabi.

"Yaya," ya ce, muryarsa a dushe, "ɓarna na yi. Shukar iyalina na nome."

Dattijo mai gemu ya ce to, ya juya ya kama hanyar garkarsa. Yaya ya tsaya kaɗan, ya tofar da yawu, ya bi bayansa.

Ni ban ce na gode ba, ban kuma yi kuka a gabansu ba. Na tsallaka shinge na karɓe hauyar daga hannunsa na jefar, na ce masa mutum ya dawo daga uwa duniya bai tambayi kowa ba sai ya hau aikin mutane da sara. Ya ce haka ne. Na ce filin da ya nome ya riƙe, dama don shi na adana, ya zuba alkamarsa, amma daga dabinon can zuwa gindin tudu nawa ne, hauyarsa kada ta ƙara leƙawa. Ya ce ya ji.

Na durƙusa na tsince yaɗon da bai mutu ba na cika zanena, na hau gindin tudu na fara dasawa, ina karya kaba ina dannewa. Ban ɗaga kai ba sai da na ji ƙarar jigo a bayana. Yana ja yana tari, guga yana fitowa rabi-rabi. Ya toshe hanyar albasa da ƙafa, ya buɗe 'yar magudanata. Lokacin mutane sun fara gangarowa kwari, maza da mata, kowa ya zo daidai shingenmu sai ya rage tafiya. Na ce masa ya bari ya huta, ana kallonsa. Ya ce a kalla, ya sake sakin guga cikin rijiya, ruwan ya biyo magudana ya iso gwiwoyina da sanyinsa.